Gizo-gizo Mai Ƙyaure

Babu ɗan Bahaushen da bai san Gizo ba. Tun kafin a sa mu makarantar allo, kakanninmu mata suke tara mu da dare suna ba mu labarinsa, shi da matarsa Ƙoƙi. Gizon tatsuniya mayaudari ne, ga haɗama, ga yawon tsiya. Yau yana fadar sarki, gobe ya ari fukafukan tsuntsaye ya bi su cin 'ya'yan itace. Wanda muke gani a kusurwar ɗaki kuwa da saƙa muka san shi, har muka ari sunan saƙarsa muka ba intanet, muka ce yanar gizo.

To, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, yau labarin wani ɗan'uwansu zan ba ku, wanda halinsa ya saɓa da nasu duka. Shi ba ya yawo, ba ya kuma rataya saƙa a sama. Rami yake haƙawa a ƙasa, ya yi masa yaɓe, ya sa masa ƙyaure mai buɗewa da rufewa, ya zauna ciki har iyakar ransa. Na daɗe ina taka ƙofar gidansa ban sani ba, kuma ranar da na sani, ɓarna na fara yi masa. Shi ya sa na ga ya wajaba in rubuta abin da na koya, ko wani ya tsira daga irin kuskurena.

Yadda na gamu da shi

Garinmu Daddara yana kan hanyar da ta tashi daga Katsina ta nufi Jibiya, ta bi ta Magama ta shiga Jamhuriyar Nijar har Maraɗi. Kakana yana da gona a bayan gari, a gefen wani kwazazzabo da ruwa ya yanka. A bakin gaɓar akwai wata tsohuwar aduwa, nan muke ajiye gorar ruwa mu huta. A dogon hutun da ya wuce, cikin watan Agusta, wata rana da yamma hadari ya haɗu gari ya yi duhu, ina zaune gindin aduwar ina kallon wani gyare yana tafe a jikin gaɓa. Sai kawai na ga ƙasa ta buɗe baki, wani abu baƙi ya cafke gyaren, ƙasa ta rufe. Duka wannan bai kai ƙiftawar ido ba. Na matsa na duba, ban ga rami ba, ban ga gyare ba.

Na tashi a tsorace na ce, "Kaka, ƙasa ta haɗiye gyare!"

Ya yi dariya ya ce, "Kai ja'iri, sai yau ka san da mai gidan? Tun shekarar da ruwa ya ci Jibiya nake ganin ƙofar nan, shi ya sa ba na kai fartanya wurin." Ambaliyar watan Yuli na 2018 yake nufi, wadda dukanmu muka shaida muna yara.

Ya karyo tsinke ya nuna mini wani ɗan da'ira a jikin ƙasa, faɗinsa kamar murfin kwalbar lemo. Na sa tsinken na ɗaga gefensa, sai na ji ana ja daga ciki, kamar yadda yaro kan danne ƙofa in an biyo shi da bulala. Kaka ya ce in ƙyale shi. Amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Da hutu ya zo ƙarewa na saci jiki na koma da fartanya, na tone ramin, na kama mai gidan na sa a kwalba da 'yar ƙasa, don in kai wa malaminmu na kimiyyar halittu ya yaba mini. Malam ya karɓa ya duba, sa'an nan ya dube ni ya ce, "Ka kawo mana darasi mai kyau, amma ka rushe gidan da aka yi shekaru ana gini. Wannan mace ce, kuma tsohuwa. Da wuya ta sake wani." Haka kuwa aka yi. Ta ƙi haƙa, ta ƙi cin abin da muka jefa mata, bayan kwana tara ta mutu. Abin da zan faɗa nan gaba, a kan gawarta muka fara koyonsa, sauran kuma na bi littattafai na ƙaro.

Asalinsa da danginsa

Da farko dai, gizo-gizo ba ƙwaro ba ne irin fara ko ƙuda, ko da yake mu duka ƙwari muke ce musu. Fara tana da ƙafa 6, jikinta kashi uku ne, tana da fukafukai da 'yan ƙahoni biyu na shinshina. Gizo-gizo ƙafarsa 8, jikinsa kashi biyu, ba fiffike ba ƙaho. 'Yan'uwansa na kusa su ne kunama da kaska, don su ma in sun girma ƙafa 8 gare su.

Masana suna tsara halittu kamar yadda ake rubuta adireshi: ƙasa, jiha, ƙaramar hukuma, gari, unguwa, har a zo kan mutum. A nan matakai uku na ƙasa za su ishe mu, wato dangi, sa'an nan zuriya a cikin dangi, sa'an nan iri a cikin zuriya. Kowane iri yana da suna mai kalma biyu da harshen Latin, ta farko sunan zuriya, ta biyu nasa na kansa. Wani mutumin Suwidin mai suna Carl Clerck shi ya fara ba gizo-gizo irin wannan suna a 1757, a shekarar da ta biyo kuma Carl Linnaeus ya shimfiɗa tsarin a kan dukkan dabbobi. Tun daga nan ake ta ƙirga. A watan Afrilu na 2022 babban kundin sunayen gizo-gizo na duniya, wanda ake tsare da shi a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, ya cika iri 50,000. Wanda ya gano sabon iri shi ke raɗa masa suna. A 2012 wani masani Ba'amurke, Jason Bond, ya sa wa wani mai ƙyaure na jihar Kalifoniya suna Aptostichus barackobamai, don girmama shugaban ƙasarsu na lokacin.

Duk wannan taro ya rabu reshe uku.

Reshe na farko shi ne Mesothelae, tsofaffin gida ke nan. Bayan cikinsu yana da faranti-faranti a jere kamar na kunama. Ba su da yawa, kuma yanzu sai a gabashi da kudu maso gabashin Asiya ake samunsu, kamar Sin da Jafan da Maleshiya da Tailan. An tono burbushin kakansu cikin dutse a Faransa, wanda masana suka ƙiyasta ya kusa shekara miliyan 300. Su ma rami mai ƙyaure suke yi, abin da ke nuna wannan sana'a daɗaɗɗiya ce ƙwarai.

Reshe na biyu shi ne Mygalomorphae, iri wajen 3,000. Nan tawa take, nan kuma manyan nan masu gashi na kurmi suke.

Reshe na uku shi ne Araneomorphae, wanda ya kwashe fiye da kashi 90 cikin 100. Mai saƙa a kusurwar ɗaki, da tautau, da ɗan mitsitsin nan mai tsalle a bango yana kama ƙuda, duk 'yan nan ne.

Yaya ake bambanta reshe na biyu da na uku? Malam ya kifar da ita a bayanta, ya ba mu gilashin ƙara girma muka duba ɗaya bayan ɗaya. Fiƙoƙinta biyu suna kwance a jere, dukansu suna kallon baya. In za ta yi sara sai ta ɗaga gaba ta kafto ƙasa, kamar mai sara da diga. Na reshe na uku kuwa fiƙoƙinsu suna fuskantar juna, suna matsewa kamar awartakin maƙeri. Abu na biyu, a ƙarƙashin cikinta akwai tabo huɗu masu haske. Huhunta ke nan, kowane ɗaya shafi-shafi ne kamar littafi, iska na ratsawa tsakani. Yawancin 'yan reshe na uku biyu kawai gare su.

Ga wani abin da ya fi ɗaure mini kai. Ashe "mai ƙyaure" sunan sana'a ne, ba sunan dangi ba. In ka ga magini a Katsina, ka ga wani a Maraɗi, ba lalle ne kakansu ɗaya ba, aiki ne ya haɗa su. Haka masu ƙyaure suke warwatse cikin dangogi da yawa. A da masana sun zuba da yawansu cikin dangi ɗaya mai suna Ctenizidae saboda kamar da suke yi. A 1985 Robert Raven na Ostareliya ya sake tsara reshen gaba ɗaya bisa siffar jiki. Da aka sami hanyar binciken ƙwayoyin gado kuma, sai aka tarar wasu masu kama da juna ba su haɗa jini na kusa ba, don haka a 2018 da 2020 aka sake rarraba su, aka fitar da sababbin dangogi.

A nahiyarmu ta Afirka, waɗannan su ne manya. Akwai Idiopidae, masu kaurin jiki da ƙayoyi a ƙafafun gaba. A cikinsu zuriyar Idiops ta bazu daga Afirka har Indiya da Amurka ta Kudu, kuma alamarta a ido take: cikin idanu 8, biyu sun ware sun zo can bakin goshi, shida sun taru a baya. Haka muka ga idanun tawa suke, shi ya sa Malam ya ce da wannan dangi ta fi kama. Akwai Cyrtaucheniidae, masu ƙyaure siriri. Akwai Barychelidae, masu gashi kamar buroshi a tafin ƙafa, har suna iya hawa abu mai santsi. Akwai Migidae, waɗanda da yawansu a ɓawon itace suke gida. Sai Stasimopidae na kudancin Afirka, gwanayen ƙyaure mai kauri.

Ginin gida

Ba shi da fartanya, ba shi da cebur, da baki yake haƙa. A saman fiƙoƙin yawancinsu akwai gajerun ƙayoyi masu ƙarfi a jere kamar haƙoran manjagara. Da su yake kankaro ƙasa, ya dunƙule ta ƙanana-ƙanana, ya fito da ita ya wurgar nesa da ƙofa don kada tarin ƙasa ya tona masa asiri. In rami ya yi zurfi sai ya daddanna bangon ya yi sumul, ya bi shi da zaren da ke fita daga ƙarshen cikinsa, har ya zama kamar an shimfiɗa farin ƙyalle. Wannan yaɓe yana hana rami rubzawa, yana kuma riƙe laima. Zurfin ya danganta da iri da kuma shekaru, daga tsawon yatsa har santimita 30 ko fiye. Wanda na tone ya kai kamu ɗaya da 'yan kai.

Ƙyauren kuwa da ƙasa da zare ake yinsa, hawa-hawa. A gefe ɗaya zaren ƙyaure yana haɗe da na bango, shi ke riƙe shi yana lilo, kamar yadda ake ɗaure ƙyauren kara da igiya a jikin dirka. Bayansa kuma ana manna masa abin da ke kewaye, in yashi ne yashi, in gansakuka ce gansakuka, in busasshen ganye ne ganye.

Wani Bature ɗan Ingila, John Traherne Moggridge, wanda rashin lafiya ta kai shi zama garin Menton a kudancin Faransa, ya shafe kwanakinsa yana durƙuso gaban waɗannan ramuka. A littafin da ya fitar a 1873 ya raba ƙyauren gida biyu, kuma har yau rabonsa ake bi. Akwai mai kauri, wanda gefensa ya zo a karkace yana shiga bakin rami daram kamar toshiyar kwalba. Akwai siriri, wanda ke kwanciya a kan baki kamar an rufe ƙwarya da faifai. Ya kuma lura wasu suna yin ɗaki na biyu a gefen rami da ƙyaurensa daban, wurin ɓuya in an fasa ƙofar farko. Ya rasu a 1874 yana da shekara 32, aka sa wa wata zuriya ta dangin Migidae sunansa, Moggridgea.

Mai kaurin nan yana tare ruwa sosai. A bakin teku na ƙasashe masu zafi akwai zuriyar Idioctis, waɗanda ruwan teku ke rufe gidajensu kullum in ya cika, su ja ƙofa su zauna da iskar da ke ciki har ya janye. Lokacin rani kuma, ko lokacin da zai yi saɓa jikinsa ya yi laushi, mai ƙyaure yakan liƙe ƙofar da zare ta ciki, ya yi makonni ko watanni bai buɗe ba. A ƙasa irin tamu, inda damina ba ta fi wata huɗu ba, ana iya cewa wannan dabara ita ce ransa.

Farauta

Idanunsa 8, amma ganinsa kaɗan ne, bai wuce ya bambanta haske da duhu ba. Da gashin ƙafafunsa yake jin motsin ƙasa. In rana ta faɗi sai ya hauro ya ɗan ɗaga ƙyaure, ya jera ƙafafun gaba a bakin rami, ya yi shiru. Tururuwa, gara, gyare, buzuzu, ƙaramar fara, duk wanda ya gitta kusa ya shiga uku. Yakan yi wuf ya cafko, amma ƙafafun baya suna riƙe da bakin rami, ya koma da baya ƙyaure ya faɗo. Wasu na Asiya suna shimfiɗa zare daga ƙofa zuwa kowane gefe, wasu na Ostareliya kuma tsinkaye suke jerawa, don su ji motsi daga nesa.

Ba ya tauna. In ya sa dafi abin ya daina motsi, sai ya zuba masa wani ruwa mai narkar da nama, ya tsotse, ya bar ɓawo. A ƙasan ramin da na tone na tarar da tarin kawunan tururuwa da fukafukan ƙwari. Wato duk shekarun nan aikin gayya take yi wa Kaka a gona ba ko sisi.

Game da dafinsa, iyaye su kwantar da hankali. In aka matsa masa yana cizo, da zafi kuwa, amma masu ƙyaure ba a san su da kisan mutum ba. Ɗan reshensu mai mugun dafi, wanda ake kira Atrax, a Ostareliya yake, babu shi a Afirka. Duk da haka ba a ce yaro ya zura yatsa cikin rami ba, don kunama da maciji ma ramuka suke shiga.

Aure da tsawon rai

Macen tana iya ƙare rayuwarta ba ta yi taku goma daga ƙofarta ba. Namiji ne mai fita, shi ma sau ɗaya. Bayan ya yi shekaru a raminsa, in ya yi saɓar ƙarshe ya balaga, sai ya jira daren da aka yi ruwa ƙasa ta yi sanyi, ya bar gida ba komowa. Ya fi macen ƙanƙanta da dogayen ƙafafu. In ya sami ƙofar mace ba ya faɗawa kai tsaye, sai ya tsaya yana buga ƙasa da ƙafa, kamar mai sallama, don ta san ba abinci ba ne. A iri da yawa yana da ƙugiya a ƙafafun gaba wadda yake tokare fiƙoƙinta da ita har a gama. Bayan wannan ba ya daɗewa yake mutuwa. Saboda haka in kun ga baƙin gizo-gizo yana yawo a tsakar gida bayan ruwan dare, mai yiwuwa ango ne, ba cizon kowa ya fito yi ba.

Uwar takan saƙa jaka ta zuba ƙwai, ta rataye a bangon rami tana gadi. In sun ƙyanƙyashe sukan zauna tare da ita makonni ko watanni. 'Ya'yan gizo-gizon ɗaki zare suke saki iska ta ɗauke su ta kai nesa, amma na masu ƙyaure yawancinsu da ƙafa suke fita, su yi ɗan taku kaɗan su haƙa nasu, da ƙyaure kamar ƙwayar dawa. Shi ya sa ake samunsu unguwa guda. Kowace shekara mai gida yakan faɗaɗa rami ya ƙara wa ƙyaure baki. Macen kuma tana ci gaba da saɓa ko bayan ta balaga, ba kamar namiji ba.

Shekara nawa suke yi? A 1974 wata masaniya 'yar Ostareliya, Barbara York Main, ta shiga wani ɗan daji da ake kira North Bungulla, kusa da garin Tammin a yammacin ƙasar, ta kafa turaku masu lamba a bakin ramukan wani iri mai suna Gaius villosus. Wata jaririya ta sami lamba 16. Shekara bayan shekara ana zuwa ana duba ta, tana nan a raminta. Sai a 2016 aka tarar an huda ƙyaurenta, gidan ya lalace. Ta rayu kimanin shekara 43, kusan dukansu a rami ɗaya, kuma ba a taɓa sanin gizo-gizon da ya kai ta daɗewa ba. Ita Barbara ta rasu a 2019. Ku duba fa, gizo-gizon ɗaki shekara ɗaya ko biyu yake yi, wannan kuwa ta girmi iyayen wasunmu.

Abin dariya, wannan mai ƙin tafiya shi ne kuma ake jin ya yi wata doguwar tafiya. Zuriyar Moggridgea 'yan Afirka ne, amma akwai iri ɗaya a tsibirin Kangaru na kudancin Ostareliya. Binciken da aka buga a 2017 ya nuna danginsa na kusa suna Afirka ta Kudu, kuma masu binciken suna ganin wani ɓangaren ƙasa ne da itatuwa ruwa ya yaga ya ratsa tekun Indiya da shi, masu gida suna ciki sun ja ƙofa. Ko da ya yi ƙaura, da ɗakinsa ya tafi.

Abokan gaba

Tsuntsaye da shanshani da kunama duk suna cinsa in sun samu. Amma babban dodonsa wani ɗan'uwan zanzaro ne, na dangin Pompilidae. Macen takan bi ƙasa tana dube-dube har ta gane ƙofa. Mai gida yakan kafa farata a cikin ƙyaure ya tokare bango ya ja da iyakar ƙarfinsa, abin da na ji ke nan ranar da na sa tsinke. In ta rinjaye shi, ko ta huda ƙyauren, sai ta harbe shi jikinsa ya mutu amma da ransa, ta saka ƙwai ɗaya a kansa ta fita. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe ita za ta cinye shi. Irin wannan ake zaton ya kashe mai lamba 16.

Wasu sun sami wata kariyar. Zuriyar Galeosoma ta kudancin Afirka, da Cyclocosmia ta Amurka da Sin, ƙarshen cikinsu a daɗe yake, da tauri kamar garkuwa. In an fasa ƙofa sai su juya kai ƙasa su toshe rami da gindinsu, maharbi ya rasa inda zai sa ƙari.

Abin da ya rage gare mu

Duk waɗannan abokan gaba ya san yadda yake yi da su tun fil azal. Wanda bai san maganinsa ba shi ne mutum. Ku tuna abubuwa uku da na faɗa: yana daɗewa kafin ya balaga, 'ya'yansa ba sa nisa, tsohuwa kuma in an rushe gidanta da wuya ta sake wani. Fara in ka kore ta daga wannan gona gobe tana waccan. Mai ƙyaure kuwa in aka kwashe gaɓar da yake, unguwarsu duka ta tafi, kuma babu wasu da za su zo da wuri su maye gurbi.

Mu duba abin da muke yi a bayan garuruwanmu. Ana yankar gaɓa ana buga bulo. Ana sare itatuwan da saiwarsu ke riƙe ƙasa, ruwa ya zo ya zaizaye. Ana cinna wa ciyawa wuta da kaka don farautar ɓera. Ana feshin magani har inda ba shuka. Ban ce a daina gini ko noma ba, kowa ya san dole ne. Amma gaɓar da ke riƙe gidan gizo-gizo ita ce ke riƙe gonar Kaka, in ta zube duka biyu sun yi hasara. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi a 2018 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kuma halittar da aka sa sunanta a kan sura ta 29 cikin Alƙur'ani mai girma, Suratul Ankabut, ba ta cancanci mu bi ta da takalmi duk inda muka gan ta ba.

Da na koma gida hutun tsakiyar zango na faɗa wa Kaka abin da na yi. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Na gani tun ranar. Na bari ne ka zo ka faɗa da bakinka. Taso mu je." Muka je gindin aduwa, ya durƙusa da kyar, ya riƙa nuna mini da tsinke. Kewaye da ramin da na tone, cikin taku uku, muka ƙirga ƙananan ƙofofi bakwai, wata kamar ƙwayar wake, wata kamar ƙwayar gujiya. 'Ya'yanta ne.

Na ajiye dutse kusa da kowace ƙofa, na rubuta lamba 1 zuwa 7 da fenti, na sayi ɗan littafi ina rubuta faɗin kowace da ranar da na auna. Da rana nake zuwa, don halin rashin tsaro da ake ciki bai bar kowa ya kai dare a gona ba. Kaka ya yarda ba za a sare aduwar ba, ba kuma za a ɗebi ƙasa a wurin ba.

Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, musamman na ƙauyuka, in damina ta zo ku duba jikin gaɓa da gindin itatuwa inda fartanya ba ta kaiwa. In kun ga ɗan da'ira a ƙasa, ku zana shi, ku auna, ku rubuta wuri da rana, ku kawo wa malamin kimiyya takardar, ku bar mai gidan a gidansa. Barbara ma da turaku da littafin rubutu ta fara, ba da wata na'ura ba. Iyayenmu kuma, in yaro ya zo da tambaya a kan irin waɗannan halittu, a taimake shi da abin da aka sani, don ni abin da Kaka ya lura da shi yana kan noma, shi na tarar a littattafan masana.

Allah ya ƙara mana sani mai amfani, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, amin.